Hannun Anti

Anti ce tsohuwar mai zane a kamfanin. Ita ke tsara tambura da kwalayen kaya tun kwamfutocin ofis na da ƙatuwar ƙeya. Mace ce mai faɗa da son yabo, kuma ba ta ɓoye ko ɗaya. Da manaja ya ce za a fara ɗaukar 'yan koyon aiki, sai ta kafa sharaɗi: duk wanda ya zo ba zai zana nasa ba, sai ya yi ta kwaikwayon tsofaffin ayyukanta har hannunsa ya faɗa.

Mijinta ya ce, "Ke dai so kike ki haifi kanki." Ta yi dariya har da tafi.

Aka kawo matasa, aka jera musu tebura a ɗakinta. Ga ladabi, ga kai. Ba a jima ba aikinsu ya yi kyan da ya fara ba ta tsoro, don ba launi kaɗai suka ɗauka ba. In ta karkata kai tana duban allon kwamfuta, sai ta ga duk sun karkata. Takan yi ɗan tari kafin ta goge abu. Wata rana da hantsi ta ji tarin nan a bayanta, alhali bakinta a rufe yake.

Ta ce wa wata doguwa a cikinsu, "'Yata, yau zana abin da ranki ke so."

Yarinyar ta ɗago, ta amsa da muryar Anti sak: "Ai shi nake yi, Anti."

Sai kasuwa ta ja baya, aka ce za a rage ma'aikata. Anti kuwa ba ta iya wata sana'a ba. Manaja ya shigo ya manna zanen kwalin sabulu iri-iri a bango, babu suna a jiki.

"Anti, nuna min naki. In akwai bambanci, kujerarki na nan."

Ta matsa kusa. Jiya-jiya ta zana nata kwalin da hannunta! Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta duba nata ne. Ta yi bismilla ta ɗora yatsa kan na tsakiya.

Manaja ya sunkuyar da kai. "Anti, ai ban sa naki a ciki ba."

Ta waiwaya tana neman wanda zai ce wani abu. Babu wanda ya ɗago. Aiki na tafiya daidai yadda take so.