Garin da Kawu Arlo Ya Gina a Ƙarƙashin Gida

A bakin kakata na fara jin sunan Arlo Zastrow, ranar cin abincin godiya na shekara, ina 'yar shekara shida. Ana jera kujeru mahaifiyata ta tambaya ko a ajiye wa Kawu wuri. Kakata ta ce a ajiye, amma kada kowa ya jira shi, don garuruwa biyar ne tsakanin gidansa da namu, kuma biyu daga ciki suna da shagon ƙananan jiragen ƙasa irin waɗanda ake tarawa don sha'awa. Sai da aka cinye talo-talo saura ƙashi sannan ya iso, dogon mutum mai ƙaton agogo, da ƙaramin kwalin tarago a aljihun riga. Ƙanen kakata ne, amma tun da mahaifiyata Kawu take ce masa, mu ma muka bi bakinta.

Gyaran injin tatsar madara ne sana'arsa. Shekara talatin da takwas yana yawo gonakin jihohin Wisconsin da Iowa, kuma duk garin da ya sauka, in ya gama aiki sai ya wanke hannu ya tafi neman shago. Ya ce shagon kirki ba ya kafa babban allo. Mai aski ake tambaya, ko mai raba wasiƙu, su ne suka san tsohon da yake sayar da taragu a bayan shagon fenti. In ya shiga kuma ba ya kallon kanta. Layin dogon da ke jikin taga yake shafawa da ɗan yatsa. In ya ɗauko ƙura, to jirgin ado ne kawai, ba a tuƙa shi, sai ya yi sallama ya fita.

Abin da yake tarowa a waɗannan tafiye-tafiye, a ɗakin ƙarƙashin gidansa yake sauka. Can ya gina garinsu na ƙuruciya a kan wani makeken teburi, kamar yadda yake a kakar 1958: tashar jirgi, kamfanin cuku, coci, gadar ƙarfe, har da shanu masu girman ƙwayar wake. Matarsa Verna ce ta yi wa itatuwa fenti kafin ta rasu. In ka kira abin nan kayan wasa a gabansa, ba zai ce maka komai ba, amma ba za ka ƙara sauka ɗakin ba.

Shekarar da na gama sakandare idonsa ya yi rauni, aka karɓe masa lasin tuƙi. 'Ya'yansa suka sayar da gidan, suka sama masa ɗaki a gidan tsofaffi, aka ce ƙarshen Oktoba zai tashi. Sun so su ɓalle garin su sayar ɗaya-ɗaya. Shi kuma ya ce a ba shi mako uku, zai samo shagon da zai karɓi garin dunƙule, kyauta, da sharaɗin jirgi zai riƙa tafiya a kansa. Ni aka ba makullin mota.

Tafiya da Kawu sai haƙuri. Ba ya ganin alamun hanya, amma ya san kowace kwana, kuma ba ya yarda da taswirar wayata. Direba yake kirana. In na taka birki da ƙarfi sai ya ce da madara na ɗauko da tuni ta zama man shanu.

Shagon farko da ya sani mun tarar ya koma wurin gyaran waya. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya ce mai shagon yana da kare mai ido ɗaya, sannan ya koma mota. Na biyu babba ne, fes, ga fitilu. Na nuna wa mai shi hotunan garin, ya wuce tasha da coci da sauri, ya tsaya a kan kawunan jirage yana tambayar ko kwalayensu na asali suna nan. Kawu ya yi masa godiya. A mota ya ce, “Wannan mahauci ne, direba. Cinya yake kallo, ba saniya ba.”

Haka muka yi kwana tara, muna kwana gidajen 'yan uwa. Na fara tunanin yadda zan gaya masa mu haƙura.

A wani ƙaramin gari kusa da kogin Mississippi muka tsaya cin abinci, ya aike ni wurin mai aski. Mai askin ya nuna mini shagon gyaran keken ɗinki, ya ce in wuce ciki can ƙurya. Matar da ke wurin sunanta Doreen Kvamme, gajeruwa mai furfura, tabarau biyu rataye a wuyanta. Tun daga ƙofa muka ji ƙarar ƙafafun jirgi. Wasu dattawa biyu na zaune kan kujerun da ba su yi kama da juna ba, suna musu a kan launin wani tarago. Kawu ya shafa layin, ya kawo yatsan kusa da idonsa, ya mayar da hannu aljihu.

Doreen ta daɗe a kan hotunan. Ta tambayi wanda ya yi itatuwan, ya gaya mata. Ta ce gadar ta ɗan karkace, ya ce ta gaskiyar ma haka take. Ta yi dariya, ta ce ɗakin ajiyarta babu kowa ciki sai gizo-gizo, kuma ranar Asabar mutane suna taruwa. Sannan ta sauke tabarau ta ce, “To malam, faɗin ƙofar ɗakin naka nawa ne?”

A cikin ɗakin Kawu ya haɗa teburin, katako bayan katako, yana ƙara masa tsawo duk shekara, bai taɓa tunanin ranar fita ba. Ɗaya daga dattawan ya ce kada ya ji kunya, shi ma nasa sai da aka fasa bango. Doreen ta ce yankawa za a yi gida huɗu, za ta bi ta inda babu gini, kuma ita da kanta za ta haɗe shi. Amma dole zarto ya ratsa layin dogo, babu yadda za a yi. Kawu ya ce ya ji, ya miƙa mata hannu.

Yau shekara uku da rasuwarsa. Garin yana can a ɗakin Doreen, jirgin madara yana zagaya shi duk Asabar, kuma sai wanda ya sani ne zai gane inda aka haɗa.

Ranar da suka zo ɗauka, ita da dattawan nan biyu da babbar mota, Kawu ya nuna musu inda makunnin wuta yake, ya hau matattakala a hankali. Ina tsammanin kujera zai nema ya zauna ya sa ido. Sai na gan shi ya sa hularsa, ya buɗe motata ya shiga, ya ɗaura bel. Na leƙa ta taga na tambaye shi ina za mu.

“Ko'ina, direba,” in ji shi. “Ki dai yi nisa da ni kafin su kunna zarton. Kada ki dawo da ni sai sun share ƙurar katakon.”