Ranar da Rodin Inna Ya Yi Zafi

Har yanzu in na ji ƙaurin wani abu, ko da shara ce maƙwabta ke ƙonawa, sai gabana ya faɗi in leƙa bayan gida. Inna kuwa ko a jikinta.

Inna mahaifiyata ce, kuma manomiyar ciyawa ce. Mutane kan yi dariya in na faɗi haka, wai ciyawa ai Allah ke shuka ta. Ita dai tana da fili a bayan gidanmu da ta raba gida-gida da waya. Shanunta su ci wannan ɓangare, wancan ya huta, na can ƙarshe kuma ba mai taka shi sai lauje. Tana yanka kafin ciyawar ta fitar da kai, ta shanya, ta yi ta juyawa, sannan ta jibge a rumfa a kan katakai don kada ta taɓa ƙasa. Wannan tarin ne abincin shanun har rani ya wuce. In ya ƙare da wuri sai an rabu da saniya, kuma da nonon shanun nan ta yi mini karatu har na gama jami'a.

Tana da wani dogon rodin ƙarfe da take sokawa cikin tarin ta bar shi. Kullum da safe, kafin tatsa, sai ta zare shi ta damƙe a tafin hannu. In da sanyi, ta mayar. Baffa, ƙanin mahaifina, ba ya gajiya da tsokanarta a kan haka.

"Matar yaya, yau ma an duba zazzaɓin mara lafiyar?"

"An duba, rago. Ya fi ka lafiya, shi ko ba komai yana da amfani."

Bana yankan ƙarshe ya zo da hadari. Inna ta murɗa ciyawar a hannu, ta ji da sauran danshi, ta dubi sama, ta ce a kwashe. Gara danshi kaɗan da ruwan sama, in ji ta. Muka jibge ta a kan tsohon tarin.

Bayan 'yan makonni, wata safiya ina wanke ƙwaryar tatsa na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Inna ce ta yar da rodin tana yarfa hannu. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi na fitowa daga rumfar, kamar sukari ya kama a tukunya. Ɗanyar ciyawa in an danne ta takan yi zafi daga ciki har ta kama wuta da kanta.

"Kira Baffanki," ta ce. "Ki kwance shanun tukuna, ki kai su can nesa."

Baffa ya zo a guje da bokiti, zai sheƙa wa tarin ruwa. Ta riƙe masa hannu.

"In ka jiƙa ta duka ta ruɓe. Me za su ci, rigarka?"

"To mu tsaya kallo gidan ya ƙone?"

"Rushe ta za mu yi. Daga sama, a hankali. Ruwan na wurin da ya yi ja ne kaɗai."

Ta jera bokitai a bakin rumfa, ta hau da kanta. Tana miƙo wa Baffa ciyawar, yana miƙo mini, ina kaiwa fili ina bazawa. Ta sama koriya ce. Da muka yi ƙasa sai ta koma ruwan ƙasa, tana turiri, tana ƙona hannu. Na ce, "Inna, don Allah ki sauko." Ta ce, "Ɗauki ki tafi, ke dai."

Da ta ɗaga wani dami a tsakiya, iska ta shiga, wuta ta tashi fuu har ta lashi gefen zanenta. Na kurma ihu. Ita ko ta ja da baya taki ɗaya, ta nuna da yatsa.

"Nan, rago! Nan kaɗai!"

Baffa ya juye bokiti biyu. Wutar ta mutu, ta bar baƙin rami.

Da rana ta yi tsaka muka tsaya muna duban abin da ya saura. Baƙar ta tafi juji. Koriyar ba za ta kai su ƙarshen rani ba. Sauran duk mai ruwan ƙasan nan ce da zafi ya dafa, kuma ita ta fi yawa. In shanun suka ƙi ta, dole saniya ɗaya ta bar gidan.

Inna ta bari ta huce, ta ɗebi runguma guda, ta nufi Hajiya, tsohuwar saniyar da muka sa wa wannan suna saboda tsirfarta a kan abinci.

"In wannan ta ci, kowa zai ci," ta ce.

Hajiya ta sunsuna, ta hura hanci, ta kau da kai. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta harare shi. Can sai saniyar ta juyo, ta zaro harshe ta naɗe ciyawar, ta shiga tauna. Ta ƙare, ta miƙo wuya tana neman ƙari.

"Ba inda kowa za ta," Inna ta ce, tana kakkaɓe zanenta da ya ƙone. "Ku tashi mu juya ciyawar nan kafin rana ta yi sanyi."