Kofin Shayin da Bai Ƙona Ni Ba

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani masauki a unguwar Misfala da ke Makka, aikina shi ne tura tsofaffin alhazai a keke zuwa Harami da dawo da su. Ni fa a lokacin ko abinci a tsaye nake ci. Duk wanda ya ce in huta, sai in ce masa ba hutu ya kawo ni Makka ba.

A lungunmu akwai wani dattijo ɗan Nijar mai shagon carbi da turare, muna ce masa Baba. Kullum bayan la'asar sai ya fito da murhun waya da gawayi da 'yar butarsa, ya dafa shayi har zagaye uku. Abin minti biyar sai ya ja shi kusan magariba. Dokarsa kuwa, in ka zauna ka cire takalmi, ka kife waya, ba magana sai kofin farko ya shiga hannunka. Ni dariya abin yake ba ni. In zan wuce nakan ce, "Baba, har yanzu butar ba ta yi magana ba?" Shi kuma ya ce, "Ta yi, kai na ba ka ji ba."

Akwai abin da nake ɓoyewa. Watanni ke nan ƙafafuna da yatsun hannuna suke kamar na sa musu safa. Na san in kafil ɗina, ubangidan da ya tsaya min a ƙasar, ya ji, zai iya cewa halas, ya sallame ni, iƙama, takardar izinin zamana, ta tafi. Don haka ko kaina ban yarda na gaya wa gaskiya ba. Wata Juma'a takalmana suka ɓace a Harami, na tako kwalta da tsakar rana ba takalmi har gida, ina ta cika baki wai ƙarfi ne. Kai, wauta!

Wata rana tsohon da zan tura ya fasa fita, sai Baba ya ritsa ni. "Zamna, ɗana." Na zauna ina ta karkaɗa ƙafa. Ya ɗaga butar sama yana zubawa, yana mayarwa, kumfa na taruwa a hankali. Ya ce in dafa tafin ƙafata a ƙasa, in ja numfashi in sake shi. Sannan ya ce, "Mi kaka ji?"

Na ce ina jin hon ɗin motoci da ƙarar butar.

"Ban ce kunne ba. Jikinka."

Na ce lafiya lau. Ya miƙo min kofi. Kun san irin ƙananan kofunan gilashin nan marasa mariƙi, kowa da yatsu biyu yake kama bakinsu yana hurawa. Ni kuwa na damƙe nawa gaba ɗaya, ina jira ya huce. Baba ya zuba min ido, sannan ya taɓa gefen kofin ya janye hannu da sauri. Ya karɓe shi ya ce, "Buɗe hannu."

Yatsuna sun yi jajir, ɗaya har ya fara tashi. Ban ji komai ba. Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban taɓa tsorata kamar ranar ba.

Ya ce, "Gobe mustashfa, ka ga likita." Na fara kawo zancen kafil, ya katse ni. "Kafil na iya samo wani mai turi kafin isha'i. Kai ina za ka samo wasu hannuwa?"

Likita ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikina. Ya ce da na ƙara jinkiri, ƙaramin rauni a ƙafa zai iya jawo a yanke ta. Kafil ɗin da nake ta tsoro bai kore ni ba, teburin karɓar baƙi ya mayar da ni.

Daga nan na zama ɗan gidan shayi. Baba yakan ɗebe nawa kafin ya zuba sukari, ɗaci kamar maɗaci, kuma kullum tambayar ɗaya ce. A hankali na koyi amsawa: yau kafaɗa ta yi nauyi, yau ƙirjina cike yake da kewar mahaifiyata. Bayan kusan shekara, wata la'asar ya miƙo kofi, na kama, na yi tsalle. "Wayyo, Baba, zafi!" Ya yi dariya har da hawaye yana alhamdulillahi.

Har yanzu ina mamakin yadda na iya jin kiran kowane alhaji daga hawa na biyar, amma jikin da nake ciki ya yi wata da watanni yana kira ban ji ba. Ƙafafun ba su dawo duka ba, na karɓi hakan. Baba ya koma gida tuni, ya bar min butar. Bayan la'asar nakan cire takalmi in hura gawayi, in tambayi kaina da irin Hausarsa. In kofin ya ƙona min yatsu, ba na saurin ajiye shi.