Albasar Malam Sidi a Ƙofar Iyaka

Har na ajiye aiki ban manta da ranar da na tsayar da motar Malam Sidi a ƙofar iyakar Illela ba. Lokacin ina mataimakin sufuritanda a kwastan, wato ni ke kula da ƙofa, amma akwai babba a samana. An rufe iyaka, umarni ya zo cewa kada kaya su shigo, kada su fita.

Ni kuwa na yarda da dokar har zuciyata. A kwas ɗin ƙarin girma an karantar da mu muhawarar Turawan ƙarni na sha tara. Wasu sun ce a bar ciniki ba shinge, kasuwa za ta gyara kanta. Wasu sun ce ƙasa ta toshe ƙofarta har manomanta da masana'antunta su yi ƙarfi. Bayan na biyun nake, har gardama nake da abokan aiki.

Malam Sidi dattijo ne, manomin albasa daga Tozai, kuma tun yana saurayi a Ƙonni, can ƙetaren iyaka, yake sayarwa. Na zaunar da shi a benci, na ce dokar don kare manomin gida aka yi ta.

Ya ce, "Yallaɓai, to ni mi nike in ba manomin gida ba?"

Na je wurin babbanmu na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fita zai yi, ba shigowa ba."

Ya miƙo mini takardar umarnin. "Nuna mini inda aka cire albasa."

Na duba, babu inda aka cire ta.

Kasuwar Illela ta cika da albasar da ta rasa hanya, ba mai tayawa. Kwana huɗu Malam Sidi yana jira ko za a buɗe. A na biyar ruwa ya fara ɗiga daga buhunan. Da idona na ga ana juye su a rami. Kafin ya tafi ya zo ya yi mini sallama, bai zarge ni ba. Daga baya na ji ya sayar da injin ban-ruwansa, 'ya'yansa biyu sun tafi kudu neman aiki.

Ku da kuka shigo aikin kwastan yanzu, za ku bi umarni, domin aikin ke nan. Amma masu tsara aƙida ba sa ganin fuskar wanda ta faɗa wa. Ku da ke ƙofa za ku ga fuskar, kuma da ita za ku koma gida.