Gayyar da Aka Ƙi wa Yaya Mamman

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar wana Mamman, manomin shinkafa a fadamar Zauro, kuma har yau in an ambace shi sai na sunkuyar da kai.

Shi ya lura cewa inda aka jibge karan dawa ruwan sama ya jiƙa shi, ciyawa ba ta yin ƙarfi. Sai ya riƙa jiƙa kara da ganyen dogonyaro a randuna, ya tace, ya yayyafa a gona. Ciyawar aya-aya ta ragu, noma uku ya koma biyu. Ruwan dai baƙi ne wuluk, ga wari.

Wata damina shinkafar maƙwabcinsa ta yi ja ta bushe. Mutanenmu ba su zargi tsutsa ba, suka ce Mamman ne ke zuba sammu a ruwan da ke bin gonaki. Ni ne malamin gona lokacin, sabon dawowa daga Sakkwato da takardar shaida da kwalaben maganin feshi. A gaban jama'a ya dube ni ya ce, "Sani, kai ka yi karatu. Hwaɗa musu kara da ganye kawai nika jiƙawa."

Na ce, "Yaya, cikin abin da munka karanta babu wanga." Ban yi ƙarya ba, amma na san yadda za su ji maganar.

Da ya kira gayyar noma, matarsa ta dama furar mutum talatin. Har azahar babu wanda ya leƙo. Ni ma ina Birnin Kebbi, wai aiki ya riƙe ni. Ya kife randunan, bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Da yana raye yau, ban san ko dariya zai yi ba. Maganin kwalba ya gagari talaka, masuntan Argungu suna kukan abin da yake yi wa kifi. Watan jiya aka aiko da takarda daga Sakkwato mu rubuto duk wani maganin ciyawa na tsirrai da manoma suka sani. Waɗanda suka ƙi gayyarsa su ne suka yi ta cewa, "Ai Mamman namu ya san shi." Wannan "namu" ta ƙona mini rai.

Dami nawa ake sa wa randa, kwana nawa ake jiƙawa, babu wanda ya sani. Sau uku yana kirana don ya nuna mini, ina cewa sai na dawo. Na cika takardar da sunansa da na garinmu, na bar sauran layukan fari fat, na sa hannu a ƙasa. Allah ya jiƙanka Yaya, abin da muka bari ya rage naka ke nan.