Ranar da Na Tsaya a Kan Surukina

Surukina bai taɓa ƙaunata ba, ni ma ban ɓata lokacina ina neman ya ƙaunace ni ba. Manomi ne a Manga, dogo, busasshe, in ka gaishe shi sai ya gama kallon takalminka kafin ya amsa. Laifina a wurinsa tsoho ne. A wajenmu saurayi kan yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi ita, shi ne golmo. Ni na yi uku, aikin soja ya ɗauke ni, ƙannena da abokaina suka ƙarasa huɗun. Gona ta nomu, dawa ta shiga rumbu, amma tsohon nan kullum cewa yake da hannun aro na auri ɗiyarsa.

A soja aka tura ni kudu, can cikin ruwa, inda na koyi tuƙin jirgin gudu, wanda 'yan bakin ruwa ke kira fulayin bot. Ɗan dutse irina, wanda bai san ruwan da ya wuce gwiwa ba, sai ga shi riƙe da sitiyari, inji biyu na kuka a bayansa. Da na bar aiki, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zuru, wani ɗan kwangila ya ɗauke ni ina tuƙa masa irin wannan jirgi a gulbin Yauri. Ɗakina yana Rikoto a cikin Zuru, nakan dawo ƙarshen mako.

Dole in yi bayanin abu ɗaya, don a kansa aka ci mutuncina. Jirgin gudu ba mota ba ne. In ka danna totur, gindinsa kan nutse, hancinsa ya ɗaga sama, kuma in da kaya ko mutane a baya, hancin yakan daɗe bai sauko ba. In kana zaune a lokacin, ba abin da za ka gani sai hancin jirgi da sararin sama. Ga kuma taguwar ruwa: mai zama, duk dukan da jirgi ya sha a ƙashin bayansa yake ƙarewa, mai tsayuwa kuwa gwiwoyinsa ne ke shanyewa. In an fita tsakiyar gulbi, ruwa ya kwanta, ba kowa, to zauna abinka ka huta. Amma kusa da gaɓa, inda masunta da kwale-kwale suke, tsayuwa ake yi. Wanda ya koya mini tuƙi, in ya ga ɗuwawuna ya taɓa kujera a irin wannan wuri, ƙeyata ce ke biya.

A lokacin matata tana gidansu, ta je haihuwar fari, an samu 'ya mace. Wata biyar ke nan ina jiran a sallame ta, tsohon yana ta ja mini rai. Sai ƙanwarsa da ke aure a wani ƙauye ƙetaren gulbi ta rasu, aka ce da azahar za a binne ta. Babban jirgin katako ranar kasuwa kaɗai yake ƙetarawa. Ni da shegen rawar kaina na roƙi maigidana aron jirgi, na ce ga ranar da zan wanke kaina a wurin suruki. Aka kuma yi mini alkawari, in an dawo daga jana'iza zan tafi da matata.

Muka isa Yauri da hantsi, mu huɗu da jaririya: ni, tsohon, matata, da ƙanin tsohon, wani ɗan kabu-kabu da ke zaune a Wasagu. Na miƙa wa kowa rigar ruwa mai hana nutsewa. Tsohon ya ture tasa, wai shi ba jinjiri ba ne da za a ɗaure shi. Kujera biyu ce a bayan sitiyari, manne da juna, ta direba da ta babban baƙo, sauran mutane benci ne a baya. Ya haye ta baƙon, ya gyara hularsa, ya sha toka.

Na tada inji, na tsaya kamar yadda na saba, ƙafa a ware. Ko gaɓa ba mu gama bari ba na ji muryarsa.

"Kai yaro, zamna."

Na ce, "Baba, a tsaye ake tuƙa shi."

"Ni za ka tsaya ma bisa kai? Ƙugunka a fuskata? Mi aka koya maka a gidanku? Zamna, na ce!"

"Baba, in na zauna ba na ganin gaba."

"Direban mota a tsaye yake ganin gaba? Zamna, ko ka sauke ni."

Na waiwaya. Matata ta ɗan girgiza mini kai, idonta yana roƙona. Wallahi na san abin da nake yi ba daidai ba ne, na sani sarai. Amma a wajenmu yaro ba ya tsayawa a kan babba yana zaune, balle suruki, balle surukin da ke riƙe da matarka. Na zauna. Ni da na yi shekaru ina wannan aiki, na zauna kamar ɗan koyo, saboda mutumin da bai taɓa shiga jirgi ba sai ran nan.

Lokaci na tafiya, tsohon yana ta cewa za a binne ƙanwarsa bai gan ta ba, in ƙara wuta. Na danna totur. Hancin jirgi ya miƙe, gulbi ya ɓace mini. Ina leƙe ta dama, ina leƙe ta hagu, ina miƙa wuya kamar zakara. Sai na ga gorunan tarun masunta suna wucewa ta gefena, ɗaya, biyu, uku. Inda taru yake, mai shi na kusa. Na zabura na miƙe.

Kwale-kwale ne a gabana, a gicciye. Mace ce ke tuƙi, da yara a ciki. Ta ɗaga filafilinta sama, bakinta a buɗe, ƙarar inji ta hana a ji ihunta.

Na murɗe sitiyari da hannu ɗaya iya ƙarfina, na janye totur. Jirgi ya kwanta a gefe. Ɗaya hannun nawa ya nemi abin dafawa, abin da ya samu shi ne kan surukina. Na danne shi ƙasa sosai, ba da wasa ba. Hularsa ta tashi ta faɗa ruwa, taguwa ta zubo ta jiƙe shi sharkaf. Muka wuce kwale-kwalen da tazarar da ba ta kai tsawon tabarma ba.

Ya ɗago yana tari, yana share ido, yana lalubar kansa. "Hulata! Ka taɓa mini kai? Zamna, ɗan banza!"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Yi mini shiru!"

Haka na ce wa uban matata. Ban kuma sake zama ba har muka isa ƙetare.

An yi jana'iza surukina yana tsaye gaban dangin mijin ƙanwarsa da sanƙonsa a waje, riga na ɗiga. Wani ya miƙo masa hula, ya ƙi karɓa, don yana so kowa ya tambaya, kowa kuwa ya tambaya. Da aka gama ya ce shi da jirgina har abada. Ya kwana can, ya jira jirgin katako, ya tafi da matata da 'yata. Ni na koma Yauri ni kaɗai.

Bayan mako biyu aka kira zama a Manga, a gindin ɗorawar ƙofar gidansa. Baffana ya raka ni. Dattawa kusan goma, kowa da sandarsa, manoman tudu waɗanda in rafi ya kawo sai su jira ya janye kafin su ƙetara, su ne za su yanke hukuncin yadda ake tuƙa fulayin bot. Kai, duniya!

Tsohon ya yi magana ya daɗe. Ya fara tun daga golmo. Ya ce soja ta lalata ni, na saba tsayawa a kan mutane da bindiga. Ya ce na danne masa kai da gangan, na jefar da hularsa, na ce ya yi shiru a gaban ɗiyarsa. Sannan ya faɗi abin da ya sa jinina ya tafasa.

"Wai kwale-kwale. Ni ina gaba, kusa da shi, da idona biyu. Ban ga kwale-kwale ba. Ƙarya ce ya ƙaga don ya rufe rashin kunyarsa."

To ina zai gani? Zaune yake! Abin da nake faɗa masa ke nan tun daga gaɓa. Kafin in juya, hancin jirgi ya tare masa gani, bayan na juya yana ƙasa yana neman hula. Na tashi zan nuna musu, baffana ya jawo rigata, na koma na tsuguna. A tsugune na ɗauki faifai na kara a gaban fuskata, na ce ga hancin jirgi, wa ke ganin abin da ke bayansa? Wani dattijo ya ce in ajiye faifan mata, ba wasan yara aka zo yi ba.

Ƙanin tsohon ya yi ɗan ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce shi ma in zai faɗa rami a hanyar Wasagu yakan ɗaga daga kan sirdi. Aka tambaye shi ko ya ga kwale-kwalen. Ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya tun da jirgi ya tashi ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa yana addu'a, bai ɗago ba sai da aka tsaya. Aka yi dariya. Yayansa ya harare shi.

Saura mutum ɗaya. Aka kira matata. Ta fito da goyo, ta durƙusa nesa kaɗan. Hankalina ya kwanta, don a gefen da muka wuce su take zaune, ba yadda za a yi ta rasa gani.

Wani dattijo ya ce, "Ɗiyata, kin ga kwale-kwale?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Ina rufe da yarinya, Baba. Ban ga komai ba."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na dube ta, ta ƙi dubana. Uban kuwa ya gyara zama, har da ɗan murmushi, wannan murmushin nasa da na tsana.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. In ina son matata, in durƙusa a gaban surukina, in faɗa da bakina, kowa na ji, cewa babu wani kwale-kwale, girman kai ne ya tsayar da ni. In ba haka ba, in kama hanyar Rikoto, su ba su ba da ɗiya ga mai danne kan uba.

Na ce zan ba da haƙuri a kan hula, da kan da na taɓa, da shirun da na ce ya yi. Waɗannan na yi su, ban musa ba. Tsohon ya ce ba ya so, kwale-kwalen yake so in janye. Baffana ya matso ya raɗa mini, "Kai, magana ce kawai, faɗi mu tashi." Magana ce kawai a wurinsa, shi da bai ga bakin matar nan a buɗe ba.

'Yata ta yi kuka a bayan uwarta. Wata biyar da rabi, sau nawa ma na ɗauke ta? Na ja gwiwa har gaban tsohon. Ƙasa na da zafi, na ji tsakuwa na shiga fatata. Na ce, "Baba, babu kwale-kwale. Girman kai ne. Ka yafe mini."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Na ɗaga. Na maimaita. Allah ya sani, a ran nan da zuciya na kashe mutum, da an yi jana'iza ta biyu.

Da la'asar aka ɗaura kayanta a bayan babur ɗina. Muka kama hanya, tana bayana da goyo. Mun wuce gonakin Manga, mun fara hango rufin kwanon Zuru, sai ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Yaran uku ne," in ji ta. "Ƙaramin yana riƙe da kwanon kwalfe ruwa. Ya dube ni."

Na taka birki har babur ya yi tangal-tangal. Na sauka, na tsaya a gabanta a bakin hanya, ina huci.

"Kin gani? Kin gani kika bar ni na ja gwiwa? Kika bar ni na mai da kaina maƙaryaci a gaban mutum goma?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ba ka san shi ba, ni na san shi. Da na ƙaryata shi a gaban dattawan nan, da ya gwammace in tsufa a ɗakin uwata. Kai ka zaɓa, ni ma na zaɓa. Hau mu tafi, yarinya na jin rana."

Maganarta ta ƙara mini haushi. Na hau, muka tafi. Na yi kwana uku ban ci tuwonta ba, ran na huɗu yunwa ta raba gardama.

Tsohon ya yi shekara shida bayan nan yana ba da labarin a kowane biki da kowace makoki, yadda ya sa soja ya janye ƙaryarsa. Ban taɓa tanka masa ba, da wane bakin? Ya mutu bai san ya kusa sa ni kashe mutum huɗu ba, kuma ban yafe masa ba, ko da fasto ya yi ta fama da ni. Matata tana nan, 'yar ta girma, ƙannenta uku. Amma har yau in na faɗi wani abu a Manga, ko farashin taki ne, sai wani ya yi murmushi ya ce, "Wannan ma kwale-kwale ne?" Sai in yi shiru, don ni na ba su da bakina, har sau biyu.