Sifikar Baya ta Kawu Ɗanjimma

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjimma ya san jar hularsa da dogon wuyansa. Da ya hango mai kyamara a wurin wasa, sai wuyan nan ya fara tsawo ta bayan kafaɗar Alhaji Bawa. Tun suna samari a Argungu suke tare, Alhaji na waƙar masunta da manoman shinkafa, Kawu na yi masa amshi. Amma duk bidiyon da aka ɗauka, abin da ke fita na Kawu bai wuce kunne ɗaya da gefen hula ba.

"Kunnena ya hi ni suna garin ga," in ji shi. "Ni da nika riƙe waƙa, Bawa na shan hoto!"

Kishi kam Allah ya zuba masa, kuma ba ya ɓoyewa. In aka yi wa Alhaji kyautar riga, Kawu zai shafa yadin ya ce zai yi zafi.

Ana nan sai Nasiru, ɗan Alhaji da ke zaune a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi, ya tattara tsofaffin bidiyon mahaifinsa, ya sa aka gyara sautinsu a kwamfuta, aka ware murya daga murya, kowace da sifikarta, sauti ya kewaye ɗaki. Ranar da za a fara kunnawa ni na raka Kawu Birnin Kebbi, har da sabuwar hula ya sa. Muka tarar da Alhaji Bawa a can. Aka kunna. Muryar Alhaji ta fito ɓaro-ɓaro daga gaba, ƙarƙashin talabijin. Kalangu ya ɗauka dama da hagu. Da aka zo amshi, sai muka ji Kawu daga can bayanmu, kusa da ƙofa. Ya waiwaya a firgice kamar an kira shi.

"Kai Nasiru, ina kas sa ni?"

"Baba, ai haka tsarin yake, 'yan amshi baya suke."

"Baya? Wurin takalma! Na tsuhwa bayan ubanka, yanzu har na'ura ta san wurina?"

Muka yi ta dariya, Alhaji har da hawaye. Kawu kuwa ya miƙe. Ya ɗauki kujerarsa, ya juya wa talabijin ƙeya, ya fuskanci 'yar sifikarsa. Nasiru ya ce ai hoton yana gaba.

"Na ga kunnena, ya ishe ni. Nan ag gaba."

Daga ranar ya tsiri zuwa Gesse wai gaisuwa. Mutumin da ko rasuwa sai an ja shi ya bar Argungu! Wata rana da hantsi Nasiru ya fita, ya bar ni da Kawu a falo. Kawu ya ce in tsare ƙofa. Ya zare wayoyi, ya kinkimi sifikarsa ya kai gaba, ya mai da ta Alhaji wurin takalma, ya jona kowace da wayar da ya tarar a wurin. Na ce Kawu, muryar ba cikin akwatin take ba, waya take bi. Ya ce in rufe masa baki, yaushe aka haife ni. Ya gyara hula, ya ce in kunna.

Sai ga muryar Alhaji Bawa, garau, daga cikin akwatin Kawu.

"La'ilaha! Har cikin akwatina ya biyo ni! Mutumin ga mi nay yi mashi?"

Wallahi sai da na zauna ƙasa don dariya. Shi kuwa ya yi fushi da ni, da Nasiru, da wanda ya ƙera sifika. A mota har Argungu bai kula ni ba, sai da muka sauka ya ce, ba wasa a muryarsa, shi dai yana son a ji shi daga gaba sau ɗaya kafin ya mutu. Na ji kunyar dariyata.

Bai samu ba. Da damina ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki, Alhaji Bawa ya sa na kai shi Gesse. Ya tsufa ƙwarai, sai da na riƙe masa hannu. Ya ce wa Nasiru ya cire wayar kowace sifika, har ta gaba mai muryar Alhajin, ya bar ta baya kawai. Alhaji ya ja kujera da kansa ya juya ta wajen ƙofa, daidai inda Kawu ke zama.

Muryar Kawu ta fito ita kaɗai. Ban taɓa sanin tana da daɗi haka ba. Kawu ya yi baitinsa, sai shiru ya biyo, wurin da Alhaji ya saba shiga. Alhaji bai ja waƙar ba. Ya sunkuyar da kai, ya maimaita abin da Kawu ya faɗa, a hankali.

"Ja mu tahi, Ɗanjimma," ya ce. "Yau kai ag gaba, ni ka amshi."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kishinsa da namu tsokanar, ya sa shi a sahun gaba.